Tara gwangwan don asusun ƙungiya, zai yi kuwa ko wahalar banza ce?

Abu_Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara dan Allah. Muna da ƙungiyar ci gaban unguwa, muna so mu gyara bencinan makarantar firamare da famfon da ya lalace, to amma kuɗin wata-wata da membobi ke bayarwa ba ya kai ko'ina, rabin mutanen ma sai an yi ta bin su. Shi ne a mitin ɗin da ya wuce wani matashi ya ce me zai hana mu bi gida-gida mu tara tsofaffin ƙarafa, irin su matattun fankoki, tsohon kwanon rufi, tukwanen da suka huje, kekunan yara da aka jefar, mu sayar wa masu gwangwan a zuba kuɗin a asusu. Wasu sun ce dabara ce, wasu sun ce zubar da mutunci ne. Ni dai gani nake zai yi tunda ba kuɗi za a ce mutum ya ciro daga aljihu ba. Akwai wanda ya taɓa yi? Ana samun abin kirki kuwa ko kuɗin mota ne zai cinye komai?

MamanIkram:
Wa alaikumus salam Malam. Mun yi a ƙungiyarmu ta mata kuma alhamdulillah mun samu. Za ka sha mamakin abin da ke ɓoye a bayan ɗakunan mutane wallahi, wata baiwar Allah tsohon injin wanki ta fito mana da shi, ta ce dama ya tare mata waje ta rasa yadda za ta yi da shi.

Sarkin_Gardama:
Hhhh wato kungiyar ci gaban unguwa zata koma bola jari kenan. Ni gsky banga riba ba, karfe nauyi gareshi amma kudinsa ba yawa, ku dauki mota ku biya yan lodi ku biya mai, ku dawo da canji.

DanKilo_77:
Sarkin_Gardama rabin maganarka gaskiya ce. Ni wannan ce sana'ata, a wajen awo nake wuni. Idan kuka kwaso komai kuka jibge a mota kuka kawo mana a cakuɗe, to farashin baƙin ƙarfe za mu ba ku a kan duka lodin, wato mafi araha, mu kuma mu zauna mu ware mu ci ribar. Ba cuta ba ce, ladan warewa ce muka ci. Kuɗin yana wajen jan ƙarfe, sai tagulla irin ta kan famfo da makullai, sai alminiyam. Kilo ɗaya na jan ƙarfe mai tsafta ya ninka kilo ɗaya na baƙin ƙarfe sau da yawa, ba sau biyu ko uku ba.

Malam Abu_Safiyya ka sa a nemo maganaɗisu, ko na cikin tsohuwar sifika ya isa. Duk abin da ya kama, baƙin ƙarfe ne, a tara shi gefe guda. Wanda bai kama ba shi ne abin lallaɓawa. Sai a kankare shi kaɗan da zarto ko wuƙa a ga launin cikinsa, in ja ne jan ƙarfe, in ruwan ɗorawa ne tagulla, in fari ne kuma ba nauyi alminiyam. Kowanne da buhunsa. Kuma kar ku bar kusa ko noti na baƙin ƙarfe a jikin alminiyam, mai saye yana ɗora maganaɗisunsa ya ji ya kama zai ce mai datti ne ya karya farashi.

Abu_Safiyya:
Allah ya saka da alheri DanKilo_77. To fanka fa da janareta, a haka ake sayarwa ko fasawa ake yi?

DanKilo_77:
In kuna da mai hannu a fasa. Koyil ɗin da ke ciki, wato naɗaɗɗiyar wayar nan, shi ne kuɗin. Amma a kula, ba duk koyil ne jan ƙarfe ba yanzu, akwai na alminiyam da aka shafa masa launi, ido ba ya rabewa sai an kankare. In ba ku da lokaci ku sayar da su a matsayin mota-mota, wato injin lantarki ɗungurungum, suna da nasu farashin daban, ya fi na baƙin ƙarfe.

Injiniya_BK:
Ƙarin bayani kan maganaɗisu, akwai silba irin wadda ba ta tsatsa, ta sink ɗin kicin da wasu tukwane, yawancinta maganaɗisu ba ya kama ta sosai saboda nikel ɗin da ke ciki, kar a ɗauka alminiyam ce. A hannu za ka gane. Alminiyam nauyinsa giram 2.7 ne a kowane santimita kubik, baƙin ƙarfe wajen 7.8, jan ƙarfe 8.9, dalma 11.3. Wato abu biyu masu girma ɗaya, na ƙarfen ya kusa ninka na alminiyam sau uku.

Dalilin da ya sa kamfanoni ke rububin tsohon alminiyam kuwa shi ne wuta. Narka tsoho yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake ƙonawa wajen fitar da sabo daga ma'adininsa, a digiri 660 ya narke. Kuma ƙarfe ba ya gajiya da narkawa, rodin da za a yi gini da shi gobe wataƙila ƙofar tsohuwar mota ce jiya.

Ummu_Walid:
Ni shawarata a sa ɗalibai su riƙa tara gwangwanayen lemo, tunda don makarantarsu ake yi. Ba kaifi ba nauyi.

Injiniya_BK:
Hajiya shawara ce mai kyau amma a yi lissafi kar a ɗora buri. Gwangwanin lemo ɗaya giram 13 zuwa 15 ne, kenan sai an tara wajen 70 kafin a samu kilo guda. Tan ɗaya kuwa gwangwani wajen 70,000 kenan. Yana da amfani wajen koya wa yara da tsaftace unguwa, amma ba shi zai gyara famfo ba. A riƙa take su da ƙafa su lotse don kar su cinye waje. Gwangwanin abinci kuma yawanci baƙin ƙarfe ne, kar a haɗa su buhu ɗaya.

Sarkin_Gardama:
Kun gani ko, 70,000. Nace muku.

MamanIkram:
Kai dai Sarkin_Gardama sunanka ya bi ka. Ai ba da gwangwanin lemo kaɗai aka ce ba. Mu abin da ya ɗaga mu shi ne masu sana'a, mun je wajen mai walda da makaniki da mai gyaran firij da wani mai aikin famfo muka roƙe su guntayen da suke zubarwa, ba duka suka yarda ba don su ma suna sayarwa, amma waɗanda suka bayar abin da suka bayar ya fi na gidaje da yawa a haɗe. Kuma mota ba haya muka ɗauko ba, mai sayen ne ya turo tasa da ya ga lodin ya kai.

Direba_Sani:
Wajen da nake so ku buɗe ido shi ne sikeli. Na sha kai irin wannan lodin. In babban sikeli ne na mota, ana auna motar da kaya sannan a sauke a sake auna ta ba kaya, bambancin shi ne nauyin kayanku. To a tabbatar duk wanda ke cikin mota a awon farko yana ciki a na biyu, ko kuma kowa ya sauka duka biyun. Na taɓa ganin inda aka auna da kaya ba kowa a ciki, da aka zo awo na biyu yaran wajen biyu suka ɗare baya suna wai share motar, nauyinsu gaba ɗaya daga kayan masu kaya aka cire. In ƙaramin sikelin rataye ne kuma ku duba allurar tana kan sifiri kafin a rataya buhu. Mafi sauƙi ku ari sikeli ku auna kayanku a gida ku rubuta, in an je can aka ga tazara mai yawa sai a yi magana.

DanKilo_77:
Direba ka tona mana asiri hhhh. Amma gaskiya ne akwai masu yi. Su ma masu kawo kayan ba a bar su a baya ba fa, wani zai cusa yashi a cikin bututu ya toshe bakin, wani ya jiƙa kaya da ruwa. Shi ya sa ake cire wani abu a ce na datti. Ku tambayi nawa za a cire tun kafin a fara awo, ba bayan an sauke kaya ba, don in kaya suka sauka ƙasa ba ku da bakin ciniki kuma.

yaro_mai_hankali:
wayoyin wuta fa ai kona su akeyi robar ta narke a dauki jan karfen, minti kadan an gama

Nas_Hauwa:
Don Allah ƙanina kar ka koya wa mutane wannan. Robar jikin waya yawanci PVC ce, in ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai asid da wata guba da ake kira dayoksin, tana shiga huhu tana kuma zama a ƙasa. Ƙungiyar da ta ce ci gaban unguwa take yi ba za ta tashi da turnuƙe unguwar da wannan hayaƙin ba.

DanKilo_77:
Ko ta fuskar kuɗi ma asara ce. Wayar da aka feɗe da wuƙa tana ƙyalli ita ce lamba ɗaya, wadda aka ƙona ta yi baƙi farashinta ƙasa yake. Masu kauri a feɗe, sirara irin na caja a sayar da robarsu a haka, ba su kai wahalar ba.

BabaTsoho:
Yara duk kun yi maganar kuɗi, ba wanda ya taɓo abin da ni ke damuna. Ranar da kuka shelanta cewa ƙungiya na karɓar ƙarfe, kuka kuma ce wa yara wanda ya fi kawowa za a ba shi kyauta, to ranar za a fara neman murfin kwalbati a rasa, tukunyar maƙwabciya da ta shanya ta ɓace, a wayi gari an yanke wayar wutar wani. Yaro bai san iyaka ba. Kuma in aka kama kayan sata a cikin tarin ku ba yaron za a kira ba, shugaban ƙungiya da sakatare za a kira. Abu_Safiyya kai ne sakataren ko?

Abu_Safiyya:
Ni ne Baba, ranka ya daɗe. Wallahi ka sa gabana ya faɗi.

BabaTsoho:
To ka buɗe littafi. Duk abin da aka karɓa a rubuta daga gidan wa ya fito, wa ya bayar, kuma babba ne zai bayar ba yaro ba. Abin hukuma ko na kamfani, murfin kwalbati, ƙarfen layin dogo, allon kan titi, wayar turke, mitar ruwa, ko kyauta aka kawo kar ku taɓa. Gasar nan ta yara kuma a bar ta.

Ticha_Rabi:
Baba na yarda da littafi amma ban yarda a cire yara gaba ɗaya ba. A bar su kan gwangwanin lemo kamar yadda Ummu_Walid ta ce, aji da aji, ba mai sace gwangwanin da aka sha aka yar. Manyan kaya kuma na manya.

Lauya_ba_kotu:
Maganar Baba ba ƙarama ba ce, ƙasashe da dama sun yi doka a kai saboda satar waya da ƙarafan jirgin ƙasa. A Ingila da Wales dokar 2013 ta hana mai sayen gwangwan biyan tsabar kuɗi, sai ta banki ko cek, kuma dole ya ga shaidar wanda ya kawo kayan ya rubuta. Kowane waje da nasa tsarin, saboda haka ku tambayi hukumar yankinku ko ana buƙatar izini kafin ku fara jibge kaya a fili. Ni ko doka ba ta tilasta ba zan so a biya ku ta asusun ƙungiya kai tsaye, a karɓo takardar awo, ya fi muku kwanciyar hankali a tsakaninku.

Sarkin_Gardama:
Yawwa nan ne wajen. Ba mai sayen ne zai cinye ku ba, ku da kanku ne. Buhun jan karfe dan karami ne yana shiga karkashin riga, wa zai rike shi har ranar sayarwa?

Nas_Hauwa:
Bari in dawo kan lafiya tunda ba a gama ba. Safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe dole ne, ba silifas ba, kwanon rufi yana yanka kamar wasa. Duk wanda zai shiga aikin ya tuna yaushe rabonsa da allurar tetanus, manya ana so su sabunta duk shekara 10. Mutane na cewa tsatsa ce ke kawo ta, a'a, ƙwayar cutar a ƙasa da ƙura take, ƙusa mai tsatsa dai ita ke huda fata ta kai ta ciki.

Batirin mota yana da kuɗi saboda dalmar ciki amma a sayar da shi yadda yake, a tsaye, kar a fasa kar a zubar da ruwan, asid ne, dalma kuma guba ce musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Batiran waya da na laftof a ware su daban kar su shiga tarin ƙarfe, in aka huda su ko aka danne suna kamawa da wuta. Tsohuwar talabijin mai ƙeya ma gilashinta akwai dalma, kar a bar yara su fasa.

Malam_Sanyi:
Ni gyaran firij da AC nake yi. Kar wanda ya sa zarto ko guduma a bututun bayan firij. Tsofaffin suna da gas mai lalata sararin sama, sababbin da yawa kuma R600a ne a ciki, shi wannan yana kama wuta. A kira irinmu mu zuƙe gas ɗin tukuna sannan a cire kwampireso. Haka tukunyar gas ta girki da ta kashe gobara da tankin mai, ko an ce maka ba komai a ciki kar ka yanka. Masu saye da yawa ma ba sa karɓar abu rufaffe don yana iya fashewa a tukunyar narka.

Injiniya_BK:
Tunda an zo nan bari in faɗi wanda ba a cika sani ba. A 1987 a garin Goyaniya na ƙasar Burazil wasu mutum biyu suka shiga wani asibitin da aka daina amfani da shi suka ciro kan na'urar gashin masu cutar daji suka sayar wa mai gwangwan. A ciki akwai sinadarin siziyom 137, mai fitar da radiyeshan mai kisa. Mai wajen ya ga abin yana wani haske shuɗi da dare ya ɗauka abin daraja ne, ya kai gida yana nuna wa 'yan uwa, har ana gutsura ana rabawa. Mutum 4 suka mutu ciki har da yarinya 'yar shekara 6, an samu 249 da abin ya taɓa, sai da aka gwada mutum wajen 112,000. An sake yin irinsa a kasuwar gwangwan ta Mayapuri a Delhi a 2010. Ba wai za ku ci karo da shi a bayan ɗakin wani ba, amma in wani ya ce ga tsofaffin injinan asibiti ko na dakin gwaje-gwaje ku zo ku kwashe, ku tsaya. In kuka ga alamar nan mai kama da fanka mai fuka-fuki uku a kan ruwan ɗorawa, ko wani dunƙulen ƙarfe ƙarami mai nauyin da ya wuce girmansa, ba taɓawa, a kira hukuma.

yaro_mai_hankali:
innalillahi, ni na fasa ma

MamanIkram:
Kai jama'a kun tsorata bawan Allah. Mu fa tukwane da gadajen ƙarfe da kekuna muka tara ba bam ba. Malam Abu_Safiyya abin da zan ce maka shi ne kar ku ja abin ya yi tsawo. Ku sa rana guda, a sanar tun da wuri kowa ya fito da nasa ƙofar gida, a kwashe a ware a sayar cikin 'yan kwanaki. In kaya suka daɗe a fili ruwa zai taru a cikinsu sauro ya samu gida, ga ɓeraye, ga masu ɗauka da dare, wanda ya ba ku aron filin ma zai fara ƙorafi.

DanKilo_77:
Hajiya baƙin ƙarfen na yarda a sayar da wuri. Jan ƙarfe da tagulla kuwa in akwai wajen ajiya mai kulle gara a tara su yi yawa, mai kilo kaɗan da mai buhu-buhu ba farashi ɗaya ake ba su ba. Farashin ma hawa da sauka yake, daga kasuwar ƙarafa ta Landan ake jin motsinsa har ya iso kanmu. Ku tambayi wajen mutum uku a rana ɗaya kafin ku saki.

Ummu_Walid:
Ni wani abu ne ya tsaya min. Akwai bayin Allah da wannan ce hanyar abincinsu, suna bi lungu-lungu da kura suna saye ko tsinta. In ƙungiya ta share unguwa kaf a rana ɗaya su kuma fa?

Sarkin_Gardama:
Tab, wannan tambayar ta fi duk abinda na fada.

Ticha_Rabi:
A ɗauke su aikin mana Hajiya. Sun fi kowa sanin warewa, suna da kura, sun san mai sikelin gaskiya. A biya su ladansu na ranar.

Direba_Sani:
Anti in an biya su an biya 'yan lodi me ya rage wa famfon? Ai dawowa maganar Sarkin_Gardama ta farko aka yi. Amfanin abin dama shi ne aikin sa kai ne.

Ticha_Rabi:
Wanda bai iya ba in ya ware maka kyauta ya zuba tagulla cikin baƙin ƙarfe, asarar ta fi ladan da kake gudu.

Abu_Safiyya:
Na gode ƙwarai jama'a, na kwafe duka zan karanta a mitin. Yadda na fahimta za mu gwada layi biyu ko uku tukuna mu ga abin da zai fito kafin mu shelanta wa unguwa duka, da littafin Baba, kuma ba firij ba batir sai mun samu wanda ya iya. Maganar masu kura ban san yadda za ta kaya ba, na san ma'ajinmu ba zai so a biya kowa ba. Masu cewa zubar da mutunci ne kuma har yanzu ba su sauko ba, ɗaya ma ya ce shi gara a ninka masa kuɗin wata da a gan shi da buhu a ƙofar gidan surukansa.

BabaTsoho:
To a ninka masa, a rubuta a littafin shi ma.

Sarkin_Gardama:
Har yanzu fa ba wanda ya amsa min wa zai rike buhun jan karfen.

MamanIkram:
Kwaɗo biyu ake sa wa ɗakin, makulli ɗaya wajen ma'aji ɗaya wajen wani daban, kuma a auna buhun a rubuta a jikinsa gaban mutane kafin a rufe.

Malam_Sanyi:
Abu_Safiyya famfon naku na hannu ne ko mai sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiyar ya turo ruwa? In mai sumo ne ya ƙone kar ku jefa shi cikin gwangwan tukuna, a fara kai shi wajen mai naɗin koyil ya duba, sau da yawa naɗi kawai yake so.